Kano zuwa Jidda a jirgi, awa nawa ne takamaimai?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda zai warware min wani lissafi da ya ɗaure min kai tun jiya. Zan kai Hajiyarmu Umara ƙarshen Disamba in Allah Ya yarda, shekararta 71, tana da ciwon suga ga kuma gwiwa, in ta daɗe a zaune sai ƙafar ta kumbura. Ejan ɗin da ya yanka mana tikiti ya ce min awa huɗu da 'yan mintuna ne daga Kano zuwa Jidda kai tsaye ba yada zango. To da na buɗe tikitin sai na ga tashi 10:30 na dare, sauka 6:45 na safe, na ƙirga na sake ƙirgawa awa takwas da kwata nake samu. Maƙwabcina kuma da ya je da azumin bara ya rantse min awa shida suka yi a sama. Wanne zan kama? So nake in san yadda zan tsara mata allurarta da abincinta, wallahi abin ya hana ni barci.

Maman_Ihsan:
Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu yi maka. Ni dai da na je 2019 awa huɗu da rabi muka yi, ban manta ba don agogon hannuna ban taɓa shi ba har muka sauka.

Bash_Kurna:
Amin. Malam ai ba nisa, na taɓa dubawa a Google 2,100 ne kawai. Jirgi kuwa yana cin 900 a awa, ka ga ko awa uku bai kamata ya kai ba. Sauran duk ɓata lokaci ne.

Injiniya_Sabo:
Bash wannan 2,100 ɗin da ka gani mil ne ba kilomita ba, sake dubawa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe zare ba kwana, kimanin kilomita 3,400 ne. A mil shi ne 2,100 da ɗoriya, a mil ɗin teku da matuƙa ke aiki da shi kuma wajen 1,850. Ka haɗa nisa a mil da gudu a kilomita shi ya sa lissafin ya ba ka awa biyu da wani abu.

Abban Sadiq, tikitinka bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka cire bambancin agogo ba. Ƙa'idar tikitin jirgi ita ce lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu cif. Wato 6:45 na safen Jidda, a Kano 4:45 ne na asuba. Daga 10:30 zuwa 4:45 awa shida da kwata. Ka ga maganar maƙwabcinka ta fito ke nan.

Abban_Sadiq:
Allahu Akbar! Injiniya Allah Ya ƙara basira. Wallahi na san da bambancin lokacin, ina kiran yayana da ke Madina kullum ina lissafa shi, amma ko kaɗan bai faɗo min ba a kan tikiti. To saura maganar ejan da ta Maman Ihsan, su kuma ina suka samo huɗu da rabi?

Injiniya_Sabo:
Ita ma Hajiya gaskiya ta faɗa, shekarar da ta je ka duba. Jirgin fasinja a can sama yana yin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,400 da 850 ka sami awa huɗu, sai ka ƙara lokacin hawa da na gangarowa da ba a gudu sosai, da tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi, shi ne huɗu da rabi ɗin. Amma wannan lissafin na wanda zai ratsa ta Chadi ya shiga Sudan ya tsallake Bahar Maliya ne, don Sudan ce shimfiɗe a tsakaninmu da Jidda. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka koma zagaye. Zagayen nan shi ya haifar da ƙarin da kake gani.

Alh_Garba_Gwale:
Ni shaida ne a kan wannan. Hajjin 2023 da mu aka yi, kuma kafin nan na je 2014, don haka na ɗanɗana duka biyun. A 2014 bayan an ba mu abinci na ɗan runtsa kawai sai ji na yi ana cewa a ɗaura bel. A 2023 kuwa akwai ɗan allo a bayan kujerar gabana mai nuna taswira, ina kallon hoton jirgin maimakon ya fuskanci gabas sai na ga ya sunkuya kudu, muka bi ta kan Kamaru, Afirka ta Tsakiya, can sai ga sunan Addis Ababa ya fito a gefe, sannan ya ɗago ya bi teku ya haura arewa. Wani dattijo daga Ɗambatta da ke kusa da ni ya riƙe min hannu ya ce Alhaji anya direban nan ya san hanya kuwa, ai alƙibla ba nan take ba. Na yi ta kwantar masa da hankali. Awa shida da kusan rabi muka yi. Kuma in kun tuna a shekarar har kamfanonin jigilar suka nemi ƙarin kuɗi saboda man da zagayen zai ci, aka yi ta kai ruwa rana kafin a fara tashi.

Ummu_Khalil:
Mu kuma ta arewa aka bi da mu, ta kan Masar muka gangaro. To ashe ba hanya ɗaya ba ce.

Kyaftin_Mai_Ritaya:
Ba ɗaya ba ce Hajiya. Ni ba matuƙi ba ne, sunan ne kawai abokai suka laƙaba min, amma na yi shekaru ina aiki a ɓangaren tsara tafiyar jirage kafin in ajiye. Sama ma tana da tituna kamar ƙasa, jirgi ba ya miƙewa yadda ya ga dama, akwai layuka da tashoshi da aka tsara, kuma kowace ƙasa sai ta ba ka izinin ratsa samanta kuma sai ka biya. Kamfani kaza yana da izinin bi ta nan, wani ba shi da shi. Shi ya sa mutum biyu za su tashi daga Kano rana ɗaya a jirgi daban daban, ɗaya ya riga ɗaya da minti arba'in, kowa ya dawo yana rantsuwa nasa ne daidai. Ku tuna ma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, a watan Agusta su ma sun rufe samansu, lokacin masu zuwa Turai ma sai da tafiyarsu ta ƙaru.

Abu na biyu, lokacin da ke kan tikiti daga sanda jirgi ya motsa daga inda yake fake ne zuwa sanda ya tsaya cak a can. Ainihin zaman sama bai kai haka ba, yakan gaza da minti ashirin ko talatin. Amma ga mai ciwon gwiwa wannan ba rangwame ba ne, don tun kafin a motsa an riga an zaunar da ita, mutum 300 ko 400 ba sa shiga jirgi a minti goma.

Bash_Kurna:
Na karɓi gyara Injiniya, mil ne, na sake dubawa. Amma ina da wata tambaya, me ya sa dawowa ta fi sauri? Kowa na cewa dawowa kamar ƙiftawar ido. Wani ya ce min wai don ƙasa tana juyawa ne, kai kana tahowa yamma ita kuma Kano tana tahowa ta tarye ka.

Abban_Sadiq:
Bash ka taɓo inda nake son zuwa. Tikitin dawowarmu an rubuta tashi 9:00 na safe sauka 1:10 na rana.

Injiniya_Sabo:
Yawwa, to ga inda ejan ɗinka ya samo awa huɗu da 'yan mintunansa, ko dai tsohon lissafi ya ba ka ko kuma wannan layin ya kalla. A dawowa ƙara awa biyu ake yi ba cirewa ba. 1:10 na Kano 3:10 ne a Jidda, daga 9:00 zuwa 3:10 awa shida da minti goma. Zaman ɗaya ne, agogo ne kawai ya ba ka rancen awa biyu a tafiya ya karɓe... a'a bari in faɗa daidai, a tafiya ya ƙwace maka awa biyu, a dawowa ya mayar maka da kayarka.

Maganar juyawar ƙasa kuwa Bash, iskar da jirgi ke ciki tare da ƙasar take juyawa, da ba haka ba ne da sai jirgi mai saukar ungulu ya tashi ya tsaya cak ya jira Makka ta zo ta same shi. Abin da ke sa tafiya da dawowa su ɗan bambanta iskar can sama ce. Da hunturu iska mai ƙarfi tana busowa daga yamma zuwa gabas musamman ta wajen Masar da arewacin Bahar Maliya, tana tura mai tafiya tana tokare mai dawowa. Da damina kuma daga Yuni zuwa Satumba akwai wata da ke tasowa daga gabas ta ratsa saman yankinmu, lokacin mai dawowa ne ke cin riba. Amma mintuna ne, ba awanni ba.

Nas_Hauwa:
Yaya Abban Sadiq ku bar lissafin kilomita haka nan, ni maganar Mama ce ta dame ni. Ma'aikaciyar jinya ce ni kuma na raka kakata sau biyu. Ka ɗauka cewa daga fitarku gida har ku shiga masauki a Makka zai kai awa goma sha biyar ko fiye, kada ka tsara komai a kan shida. Za ku je filin jirgi awa uku ko huɗu kafin tashi, ga awon kaya ga layi, can kuma ga shige da fice ga jiran jaka ga mota zuwa Makka.

Allurarta da na'urar gwajin suga da magungunanta duk a jakar hannu, kada ka kuskura ka sa insulin a babbar jaka, ƙasan jirgi sanyi na iya lalata shi kuma jaka na iya ɓata ko ta biyo wani jirgin. Ka karɓi takarda daga likitanta mai nuna tana amfani da allura saboda masu bincike. Ka kai masa tikitin ya gani da idonsa shi zai gaya maka yadda za a matsar da lokacin allurar tunda ranar tafiya ta ragu da awa biyu. Ka sa dabino da biskit a aljihunka kai kanka, kada ka dogara da abincin jirgi don ba ka san sanda za su kawo ba. Kujerar bakin hanya za ka nema mata ba ta taga ba, duk awa ɗaya ko ɗaya da rabi ka tashe ta ku taka zuwa bayi ku dawo ko ba ta ji fitsari ba, a zaune ma ta riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa. Tsofaffinmu suna ƙin shan ruwa a jirgi don kunyar tashi, kakata haka ta yi min a tafiyar farko, muka sauka ƙafarta ta ƙi shiga takalmi, a silifas ɗina ta yi ɗawafi... a'a a keke ma aka tura ta ranar, sai washegari ta iya takawa. Kada ka bari.

Maman_Ihsan:
Nas Hauwa Allah Ya biya ki. A ƙara da keken turawa, tun yanzu ya sa ejan ya rubuta a tikitin cewa tana buƙata, kada a bari sai ranar. Filin Jidda girma gare shi, tafiyar ƙafar da ke ciki kaɗai ta isa ta gajiyar da mai lafiya.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa, ni daga Zinder nake bin zancen. Mu nan da yawa Kano muke gangarowa mu hau jirgi don ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan a mota, Kano kuwa ba ta kai 300 ba. Kuma ko a sama wanda ya tashi daga Yamai ya ƙara wa kansa, don daga can zuwa Jidda wajen 4,000 ne, ka koma yamma sannan ka dawo ka wuce ta saman gidanku. Agogonmu ɗaya da na Najeriya, awa biyun nan mu ma ita ce.

Hajia_Zongo_Kumasi:
Mu a Ghana awa uku ne bambancin, kuma daga Accra ya kai 4,600. Ku gode Allah mutanen Kano kuna kusa.

Modu_Yerwa:
In kusa ake nema ai mu ne a bakin hanya, Maiduguri ba ta cika 3,000 ba sosai. Sai dai tunda aka koma zagaye kusancin bai amfane mu yadda ya kamata ba.

Auwal_Tiransit:
Ni shawarata daban ce. Me zai hana ku bi mai yada zango? Ta Alkahira ko ta Addis Ababa, sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi, kuma Hajiya za ta sami damar sauka ta miƙe ƙafa ta yi salla a ƙasa. Ni kullum haka nake yi.

Nas_Hauwa:
Malam Auwal kai matashi ne. Hawa biyu sauka biyu, bincike biyu, ga zaman jira a kan kujerar ƙarfe cikin sanyin na'ura, wani lokacin awa biyar wani lokacin kwana. Ga mai shekara 71 gara a yi wahalar a dunƙule a gama.

Injiniya_Sabo:
Kuma ba ragin zama ba ne sosai. Kano zuwa Alkahira kusan 3,100 ne sannan Alkahira zuwa Jidda 1,200, jimla 4,300. Ta Addis kuwa 3,300 da 1,400, wajen 4,700, shi ma in an miƙe ke nan. Zangon farko kaɗai ya kusa kai tsawon tafiyar gaba ɗaya ta da. Wanda kuɗi ya matsa wa ya bi, ba laifi, amma ba don hutun gwiwa ba.

Auwal_Tiransit:
To na ji. Amma kai tsayen ma ba tabbas gare shi ba. Akwai wani kamfani da ba zan kama suna ba, jirgin ƙarfe 11 na dare sai 8 na safe muka tashi, ba wanda ya fito ya ce mana ci kanku, tsofaffi kwance a kan tayil da haraminsu. Tun daga ranar na koma bin zango.

Kyaftin_Mai_Ritaya:
Wannan yana faruwa, kuma tunda Disamba ya ce, a sa hazo a lissafi. In ƙura ta sauko Kano sosai har ganin gaba ya gaza abin da doka ta yarda, jirgin da zai zo ya ɗauke ku ma ba zai iya sauka ba, sai ya jira ko a karkatar da shi wani gari. Wannan ba laifin kowa ba ne kuma gara a jira. Abban Sadiq ka ɗauki lambar jirginku da ke kan tikiti ka sa a manhajar bibiyar jirage ta Flightradar24, za ta nuna maka tafiyoyin da ya yi a kwanakin baya, ƙarfe nawa ya tashi da gaske, awa nawa ya yi, ta ina ya bi. Ka duba ana saura mako ɗaya, don hanyoyin nan suna canzawa in an buɗe wani yanki ko an rufe.

Malam_Tanko:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta lissafin awa ba a taɓo abin da ya kai ku ba. Jirgin da zai sauka 6:45 a Jidda ƙarshen Disamba, asuba a sama za ta same ku, don alfijir a can wajen biyar da rabi da 'yan mintuna yake ketowa, rana kuma ta fito wajen bakwai. Kafin ku fito daga jirgi ku wuce masu duba fasfo rana ta fito. Don haka ku shiga da alwala in da hali, in lokaci ya yi ku yi salla a ciki, wanda ya sami wurin tsayuwa ya tsaya, Hajiya kuwa da ma tana da uzurin zama. Kuma kada ka duba agogon Kano ka ce ai uku da rabi ne da saura, kun tafi gabas kun taryi alfijir, taga za ka duba ko ka tambayi ma'aikatan.

Sai miƙati. Kai ka ɗaura haraminka tun daga gida ko a filin jirgi ka ɗora riga a sama, in an sanar an kusa daidai da miƙati sai ka cire rigar ka yi niyya. Ita mace kayanta na jiki su ne haraminta, niyya da talbiyya kawai za ka tuna mata.

Abu_Ammar:
Malam Tanko Allah Ya ƙara lafiya, amma ai akwai malaman da suka ce wanda ya zo daga ɓangarenmu Jidda ce miƙatinsa. Malaman fiƙihu na da sun ambaci wanda ya taso daga Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, ta teku, suka ce ba ya daidaita da wani miƙati kafin Jidda don haka a nan zai yi harama. Mu kuma ta nan muke ɓullowa.

Malam_Tanko:
Haka ne Abu Ammar, maganar tana nan a littattafai kuma ban ce wanda ya bi ta ya yi ɓarna ba. Amma ka koma sama ka karanta abin da Alhaji Garba da Ummu Khalil suka faɗa. Wancan hukuncin na wanda ya miƙo daga yamma sak ne. Wanda aka zagayo da shi ta Habasha ya hauro teku daga kudu zai daidaita da Yalamlam kafin ya iso, wanda aka gangaro da shi ta Masar kuma zai daidaita da Juhfa ta wajen Rabig. Tunda fasinja bai san ta inda za a bi da shi ba sai ya ga allo, abin da ya fi kwanciyar hankali ya shirya tun a sama.

Abu_Ammar:
Wannan kuma ban kawo shi a raina ba. Zan kai wa malaminmu tambayar a haka.

Ummu_Khalil:
Shi ya sa ni na fi son a fara sauka Madina. Ba ruwanka da harami a jirgi, ka huta kwana huɗu ko biyar sannan ka ɗauka a Zul Hulaifa cikin natsuwa. Nisan ma kaɗan ya fi na Jidda, bai fi ƙarin kilomita 150 ba. Daga Madina zuwa Makka kuma ga jirgin ƙasan Haramain, kilomita 450 a awa biyu da ɗan wani abu, maimakon awa biyar ko shida a bas. Da tikitin zai canzu da na ce ka canza saboda Hajiya.

Abban_Sadiq:
Na tambaya Hajiya, kuɗin canjin ya yi yawa. Sai dai yayana zai zo daga Madina ya tarye mu a Jidda da mota.

Dan_Maiwurno:
Ina karanta ku tun ɗazu hawaye na zubo min wallahi. Wannan Sudan ɗin da kuke cewa an zagaye ta, gidanmu ce. Kakan babana daga ƙasar Haɗeja ya fito da niyyar Hajji a ƙafa da jaki, ta Borno, ta Abeche, ta Junaina da Fashir da Ubayyid, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma ko ɗinki shekara guda su ƙara gaba. Shekara bakwai ya yi kafin ya ga Sawakin, daga nan jirgin ruwa zuwa Jidda, tsallaken kilomita 300 da ɗoriya. A dawowa ya tsaya Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, a nan aka haifi kakana da babana da ni. Hanyar da ya yi shekara bakwai a kanta ita ce jirgi ke shafewa a awa uku kafin yaƙin nan. Yau 'yan uwana sun watse wasu Gadarif wasu Port Sudan wasu ma ba mu da labarinsu. In kun ga jirginku ya kauce a allon nan, don Allah ku yi wa mutanen da ke ƙasan addu'a.

Maman_Ihsan:
Allah sarki. Allah Ya kawo ƙarshen fitinar nan, Ya haɗa ka da 'yan uwanka cikin aminci.

Alh_Garba_Gwale:
Amin ya Rabbi. Ɗan Maiwurno ka tuna min, hanyar nan ta Sudan ko jirgin sama ta nan ya fara zuwa mana. Jiragen farko da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku na sojan saman Ingila, daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango kwana da kwanaki. Kakata tana ba mu labarin yadda gari ya fita kallo.

Bash_Kurna:
Amin. To Malam Tanko tambaya ta ƙarshe, wanda ya tafi da azumi fa? In na tashi Kano da safe, da agogon wa zan sha ruwa?

Malam_Tanko:
Ba da agogon kowa ba, da faɗuwar rana a inda kake. Mai tafiya gabas yininsa ya gajarta da kusan awa biyu, mai dawowa ya tsawaita. In kuma kana sama kana ganin rana da idonka ba ka sha ba ko da garin da ke ƙasanka sun kira magariba, don a can sama tana jinkirin ɓacewa. Kuma matafiyi yana da sauƙin ajiyewa ya rama.

Injiniya_Sabo:
Awa biyun ma ba 'yan siyasa suka ƙirƙira ba a wannan karon. Tsakanin Kano da Jidda digiri 30 ne da ɗan kai a layin gabas, rana kuma tana cin digiri 15 a awa, ka ga agogon da ranar sun yi daidai.

Abban_Sadiq:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na rubuta shida da kwata a sama, sha biyar gida zuwa masauki kamar yadda Nas Hauwa ta ce, gobe zan kai wa likita tikitin. Na karanta wa Hajiya saƙon Ɗan Maiwurno ta yi shiru, sannan ta ce wan mahaifinta ma haka ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ta ce in tambaye ka ko akwai zuriyar mutanen Ringim a garinku. Sannan Kyaftin na sa lambar jirgin a manhajar da ka ce, na jiya awa biyar da minti hamsin ya nuna, na shekaranjiya kuma shida da biyar, wanne ne nasu na gaskiya?

Kyaftin_Mai_Ritaya:
Duka biyun. Taɓa kowanne ka ga layin da ya bi a taswira, sannan ka turo min hoton in gani.

Dan_Maiwurno:
Akwai su Yaya, unguwa guda ma. Ka tambayi Hajiya sunan kakansu da sana'arsa, akwai wani tsoho da ya fita zuwa Kassala da nake samunsa a waya in layi ya yi kyau, shi ya san gidaje.